Sunayen Itatuwa a Unguwannin Hausa: Darasi da Tunatarwa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya leƙa taswirar Kano ko Kaduna zai ga cewa unguwanni da dama sunan itace suka ci. Wannan maƙala za ta dubi waɗannan sunaye ta fuskar nahawu, sannan ta ja hankalinmu ga halin da itatuwan birane suke ciki.

Jinsi da Mallaka

Kamar yadda muka sani, kowane suna a Hausa yana da jinsi. Rimi da durumi jinsin namiji ne, don haka suna ɗaukar -n: Rimin Gado, Durumin Iya. Kuka da tsamiya da ceɗiya kuwa jinsin mace ne, sai su ɗauki -r: Kukar Bulukiya, Tsamiyar Boka, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Idan itacen ya zo a ƙarshe, kalmar farko ce ke ɗaukar alamar, misali Kasuwar Rimi a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna. Mu da muke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, nan ne muka fi yin tuntuɓe.

Abin da Sunayen ke Nunawa

Da ma can gindin itace shi ne majalisar dattawa, kuma masaukin fatake. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), sunanta kaɗai ya isa shaida cewa wurin ya taɓa zama mai duhuwar itatuwa. Yau kuwa gine-gine da faɗaɗa hanyoyi da neman makamashi suna cinye itatuwan gari. Idan aka sare kuka, an yi asarar inuwa da miya, an kuma bar yara da sunan da ba su san tushensa ba.

Kammalawa

Kare itace aikin jama'a ne. Kurmin Osun da ke Osogbo ya tsira ne domin mutanen garin sun girmama shi, har UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Mu ma sai mu fara da dogon yaro da mangwaron da ke harabar makarantarmu.

Aiki: Kawo sunayen unguwanni biyar na garinku masu alaƙa da itace, ka fassara su zuwa Hausa, sannan ka bincika ko itacen yana nan.