Gidan Molière: Asirin Daɗewar Wata Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo

Gabatarwa

Sau da yawa ƙungiyar wasan kwaikwayo takan watse ne da zarar wanda ya kafa ta ya kau. Manufar wannan maƙala ita ce duba tarihin wadda ta kauce wa wannan ƙaddara, wato Comédie-Française ta birnin Faris a ƙasar Faransa, domin a gano abin da ya riƙe ta fiye da shekara 340.

Kafuwarta

A shekarar 1673 ne shahararren marubucin wasannin ban dariyar nan Molière ya rasu, sa'o'i kaɗan bayan saukowarsa daga dandamali. 'Yan wasansa ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka ci gaba da sana'arsu. A 1680 sai Sarki Luwi na 14 ya ba da umarnin a haɗe su da abokan hamayyarsu na Hôtel de Bourgogne, ya kuma keɓe musu ikon gabatar da wasanni da Faransanci a Faris. Ke nan Molière bai ga kafuwar ƙungiyar ba, amma duk da haka Gidan Molière ake yi mata laƙabi, kuma kujerar da ya zauna a kai a wasansa na ƙarshe tana nan a ajiye.

Tsarinta

Sabon ɗan wasa yakan shiga ne a matsayin ma'aikacin albashi. In ya nuna gwaninta, sai a zaɓe shi cikin rukunin masu hannun jari, waɗanda ke da kaso a ribar gida da kuma murya a sha'aninsa. Tambarin ƙungiyar, amya da ƙudan zuma, yana nuni da wannan aikin gayya. Haka kuma ana jujjuya wasanni daban-daban cikin mako guda, abin da ya hana ayyukan Corneille da Racine da Molière kwanciya a kanta.

Jarrabawa

Gatan fada ya zame mata ƙaya lokacin juyin juya hali. A 1793 hukuma ta rufe gidan, ta ɗaure 'yan wasan bisa zargin ƙaunar sarauta. Sai a 1799 suka sake haɗuwa a zauren Richelieu, wanda har yau shi ne babban mazauninsu. A 1812 Nafoliyon ya ba ta dokar da ta tsara hakkin kowane ɗan wasa, wadda ake kira Dokar Mosko. Gobara ta cinye zauren a 1900, aka sake gina shi.

Kammalawa

A taƙaice, sarakuna sun zo sun wuce, gini ya ƙone, gwanaye sun mutu, amma ƙungiya ta tsaya. Dalili kuwa shi ne ba a rataya ta a wuyan mutum ɗaya ba, a kan rubutaccen tsari da taskar wasanni aka kafa ta. Wannan abin lura ne ga duk mai nazarin wasan kwaikwayo.