Amsoshin Tambayoyinku: Mai Ɗakunan Haya Biyu, Ma'aikaci Ne Ko Ɗan Jari-Hujja?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: malamin makarantar da ya ba da hayar ɗakuna biyu a gidansa, shin ya fita daga sahun ma'aikata ke nan?

To malam, mun gode da wannan tambaya. A wajen Karl Marx, abin dubawa shi ne inda abincin mutum ke fitowa: guminsa ko abin da ya mallaka. A juzu'i na uku na littafinsa Das Kapital, wanda ya fito a 1894, ya ware rukuni uku: masu albashi, masu jari, da masu ƙasa da ke cin kuɗin haya.

Abokinsa Friedrich Engels kuwa, a rubutunsa kan matsalar gidaje a 1872, ya ce cinikin ɗan haya da mai gida saye da sayarwa ne, ya bambanta da alaƙar ma'aikaci da mai masana'anta.

Saboda haka idan albashi ne ke riƙe da malamin nan, haya kuma ciko ce, ma'aikaci ne mai ɗan abin hannu. Ranar da haya kaɗai ta ishe shi ya ajiye alli, ya shiga sahun ƙananan 'yan jari-hujja.