Muƙabalar Takardu Biyu a Kwamfuta

Malaman da, idan sun gama kwafar littafi irin Risala ko Muhtasar, ba su kan amince da alƙalamin marubuci ba sai an yi muƙabala, ɗaya na karanta asali a bayyane, ɗaya na bin kwafi da ido, domin ɗigo guda da ya ɓace yana iya juya hukunci. Wannan ladabi nake so akawunan Batsari da na Safana su riƙe, musamman a takardar cinikin gona ko ta rabon gado, wadda kan tafi Ruma ko Runka ta dawo da gyaran da ba a sanar ba.

Don yin wannan muƙabala a kwamfuta, a cikin Microsoft Word, ka shiga Review, ka danna Compare, ka sa tsohuwar takardar a gurbin farko, sabuwar a na biyu. Sai ya fitar da ta uku, wadda ke nuna abin da aka goge da wanda aka ƙara da launi. Amma fa hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ba ya kwatantuwa haka, sai mutum biyu sun zauna, su tsananta bincike kan adadin kuɗi da sunayen shaidu da iyakokin gonar.