Darasi: In mota ta ƙi tashi, daga ina za mu fara?

Jama'a masu karatu, a ƙauyukanmu da dama mota guda ce ke yi wa gari duka aiki. Ita ke kai albasa da wake kasuwa, ita ke kawo taki. Mai ita ake bugun ƙofarsa da tsakar dare in naƙuda ta tsananta, ko maciji ya sari yaro. Idan ta ƙi tashi a irin wannan dare, makaniki yana can birni, kuma maras lafiya ba ya jira. Saboda haka darasin yau na kowa ne, har da wanda bai taɓa tuƙi ba.

Ka'ida ta fari ita ce, kada mu kwance komi sai mun saurara. Malamin asibiti yakan tambayi maras lafiya kafin ya ba shi magani. Mu ma mu murɗa makulli, mu kasa kunne. Abin da za mu ji ɗayan biyu ne.

Na ɗaya: shiru, ko ƙara ƙas-ƙas, injin bai juya ba

Galibi wannan laifin batir ne. Batirin ƙaramar mota mai volt 12 ne, shi ke ba da ƙarfin juya injin. Mu kunna fitilun gaba. In haskensu ya yi ja, ko ya dushe lokacin da aka murɗa makulli, to wuta ta yi ƙaranci.

Kafin a yi maganar sayen sabo, mu duba kawunan batirin guda biyu. Sau da yawa waya ce ta yi sako-sako, ko wani farin gari ya taru a kansu ya tare wuta. Mu cire makulli. Mu fara kwance wayar da ke gefen alamar ragi (-), sannan ta gefen alamar tarawa (+). Mu wanke garin da ruwan ɗumi da ƴar kanwa, amma kada ruwan ya shiga cikin batirin. Bayan sun bushe mu mayar da ta tarawa, sannan ta ragi, mu ɗaure tamau.

In har yanzu ba ƙarfi, motar da ake sa wa giya da hannu ana iya tura ta. Direba ya buɗe makulli, ya sa giya ta 2, ya taka kuloci, in ta ɗauki gudu ya saki ƙafa. Motar da ke canza giya da kanta ba ta tashi da turi. In kuwa fitilu na haske tar amma shiru, laifin yana wajen ƙaramin injin da ke juya babban, ko wayoyinsa. Wannan aikin makaniki ne.

Na biyu: injin yana juyawa amma bai kama ba

A nan batir lafiya lau yake, kada mu ƙarar da shi. Kowane gwaji kada ya wuce daƙiƙa 10, sai a dakata kaɗan. Injin fetur yana bukatar abu 3: mai, iska da tartsatsin wuta.

Mai: mu tabbata akwai shi a tanki, domin allurar da ke nuna shi takan yi ƙarya. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko yashi, ya toshe matatar mai. Mu riƙa tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Iska: ƙurar hunturu tana cika matatar iska har injin ya kasa shaƙa. Mu cire ta, mu kakkaɓe ta a hankali, mu mayar.

Wuta: buji, wanda wasu ke kira filogi, shi ke ba da tartsatsi. In bakinsa ya yi baƙi ko ya jiƙe da mai, a goge shi, a bari ya bushe.

Injin gazuwal ba shi da irin wannan buji. Abin da ya fi damunsa shi ne iska ta shiga hanyar mai bayan tanki ya ƙafe, kuma ko an zuba sabon mai, sau da yawa sai an fitar da iskar yake tashi. Da sanyin asuba a jira fitilar ɗumama injin ta mutu kafin a murɗa.

Mu kiyaye lafiyarmu

Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada a haska shi da ashana ko fitilar kwai, a nemi tocila. Ruwan cikinsa yana ƙona fata. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa na minti 15 aƙalla, a garzaya asibiti. Kada mu zuƙo mai da baki, domin in ya shiga huhu yana iya kisa. Kada a bar injin yana aiki cikin rufaffen ɗaki: hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Sau ɗaya a mako, mai mota ya duba kawunan batir, ya kakkaɓe matatar iska, ya tada injin. Kada motar gari ta kwana babu mai. Mai cikin da watanta ya kama kuwa, danginta su san tun da wuri abin hawa na biyu da za su nema, ko amalanke ne. In mota ta ƙi, a kama hanya da shi, masu gyara su ci gaba da gyara.

Tambayoyi don cibiyar karatu

1. Wace waya ake fara kwancewa a batir?
2. Waɗanne abubuwa 3 injin fetur ke bukata?
3. A garinmu, in mota ta ƙi tashi da dare, wa za mu nema?

Allah ya kai mu darasi na gaba lafiya.