Sulusin Ciki: Hadisin Da Na Daɗe Ina Karantarwa Kafin In Fara Aiki Da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, darasin yau a kaina zai fara. Wata biyar da suka wuce ina jan sallar Asuba, sai na ji numfashina ya yanke a tsakiyar ayar da na saba kaiwa ƙarshenta ba tsayawa. Da na zo miƙewa bayan sallama kuma, sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, alhali ban kai arba'in ba. A satin na je asibiti. Sikeli ya nuna kilo 94, tsawona mita 1.72, jinina kuma ya hau. Likita ya yi lissafin da suke kira BMI: a ninka tsawo da kansa, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙibar da ake tsoron cutarwarta. Nawa ya kusa 32.

Wallahi kunya ce ta fi kama ni. Hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, na haddace shi tun muna jami'a, na kuma karantar da shi ba sau ɗaya ba. Kowa ya san ƙarshensa, wato a kasa ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Abin da muke tsallakewa shi ne na gabansa, inda aka nuna cewa 'yan lomomin da za su tsayar wa mutum da bayansa sun ishe shi. Sulusin nan rangwame ne ga wanda ba makawa sai ya ƙara. Iyaka ce ta sama. Mu kuwa mun mayar da shi mafari. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa cin abinci mataki uku: na buƙata, na wadatuwa, da na rara. Da na duba kaina, a na ukun na tare tun da na yi aure.

To amma wa ke da ma'auni a cikinsa? Idan ka ce sai ka ji sulusi ya cika za ka tsame hannu, ba za ka tsame ba, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A faranti ake awon, kafin a zauna. Abin da likitan ya zana mini: rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa ko taliya. A yarenmu, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, miyar zogale ko alayyafo ko kuɓewa ta fi tuwon yawa. Ni da nake tashi da malmala uku.

Abu biyu ne suka fi ba ni mamaki. Na farko mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na hatsi ko suga 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, mu kuwa tsiyaya shi muke yi a kan shinkafa da wake har ya kwanta a gindin kwano. Na biyu abin sha. Robar lemon kwalba ta santilita 50 tana ɗauke da suga fiye da ƙaramin cokali goma, ga shayin safe da madarar gwangwani, ga fura da kunu da muke zambaɗa wa suga. Duk wannan ba ma lissafa shi cikin abinci, jiki kuwa lissafawa yake.

Sati biyun farko ba daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Bayan Isha'i sai in ji kamar ban ci komai ba, ga saurin fushi, har yaran gida suka fara kauce mini. Abin da ya taimaka: cin abinci a hankali, shan ruwa kafin a fara, da ajiye kokwamba ko gwanda don yunwar dare. Wajen sati na uku ciki ya fara sabawa. Ban kuma ware kwanona daga iyali ba. A tire ɗaya muke ci, sai dai ina shata rabona tun farko, in tsaya a gabana, ladabin da aka koya wa Umar bin Abi Salama yana yaro.

Sai dai yunwa ba ita ce babbar jarrabawar ba. Mutane ne. A wajenmu teɓa alamar hutu ce, rama kuma alamar ciwo ko talauci. Hajiyarmu ta kira ni gefe ta ce, “Kai, wai lafiyarka kuwa? Ko ba a ba ka abinci ne a gidan?” Maiɗakina ta ji zafin maganar nan ƙwarai, sai da na je na yi wa Hajiya bayani da kaina cewa umarnin likita ne. Ga liman kuma, Asabar da Lahadi ɗaurin aure ne, da suna, da walima, kowane gida a tura maka kula a ce, “Malam, ai ba ka ci komai ba.” A nan fiƙihu ya yi mini rana. Amsa gayyatar walimar aure wajibi ne a wajen jamhurin malamai, amma hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya bar wa wanda aka gayyata zaɓi tsakanin ci da bari. Don haka ina zuwa, in yi addu'a, in ɗan taɓa don faranta ran mai gida, in yaba girkin, in nemi ruwa maimakon lemo. Wanda ya matsa sai in faɗa masa gaskiya: hawan jini. Har yau ban ga wanda ya yi fushi ba.

Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na matsakaicin motsi, wato rabin awa a kwana biyar. Ni tafiyar sauri nake yi bayan azkar ɗin safe, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Kwanakin farko duk mai mashin da ya gan ni sai ya tsaya: “Malam, hau in rage maka hanya.” Akwai ma wanda ya ce bai dace da girman malami ba. Na tuna masa ruwayar Abu Dawud cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu: ta wuce shi a na farko, da jikinta ya yi nauyi ya wuce ta. 'Yan uwa mata da fita ke yi wa wuya, zagayen tsakar gida ma tafiya ce. A dai sani, abin da aka ƙona a rabin awa, robar lemo ɗaya za ta mayar da shi har da ƙari.

Kuskurena ɗaya: na ɗauka azumin Litinin da Alhamis zai gama aikin, sai in rama da ƙosai da masa a buɗa-baki. Sikeli bai motsa ba sati uku. Azumi ibada ne, a bar masa niyyarsa, kuma farantin buɗa-baki ma a auna shi.

Masu ciwon suga da ke shan magani, da masu juna biyu, da masu shayarwa, kada su rage abinci sai da shawarar likita. Shayin rage teɓa da ake tallatawa a intanet kuma a yi hattara, da yawansu gudawa kawai suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ma yana sauƙaƙa hawan jini da suga.

Yau ina kilo 86, jinin ya sauka, alhamdu lillah. Wanda ba shi da sikeli ya samo igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakunan suka haɗu, madalla. Tawa har yanzu saura kamar yatsa uku, kuma gobe Asabar ina da ɗaurin aure biyu.

Wallahu a'alam.