Abin da Za a Yi In Na'urar Ji Ta Ɓace

Na'urar ji 'yar ƙaramar aba ce wadda mai raunin ji ke maƙalawa a kunne. Sai an gwada kunnen mutum a asibiti kana a daidaita masa tasa, saboda haka ta wani ba ta dace da wani ba. In ta ɓace, mai ita ba ya jin huɗuba, balle mota a bayansa.

In labari ya zo wa Hakimi, ga abin da ya kamata:

1. Malamin Hakimi ya rubuta ranar da ta ɓace, da wurin, da lambarta.

2. A fara duba wurin alwala, da shimfiɗa, da cikin rawani ko mayafi. In ba a kashe ta ba, takan yi ɗan fito.

3. Mai unguwa ya sa a yi cigiya a kasuwa da masallaci.

4. A yi wa iyaye kashedi. Batirinta kamar maɓalli ne, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙoshi cikin awa 2. Sai asibiti nan da nan.

5. In an tsince ta a jiƙe, a cire batir, a bar ta ta bushe a inuwa, nesa da wuta.

In ba a same ta ba, sai mai ita ya koma inda aka ba shi, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a sake gwada shi.