Yadda Ake Ɗaukar Mota da 'Yan Dako Ranar Ƙaura

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Dawakin Tofa, Makoɗa da Minjibir, wanda zai tashi daga gida ba kamfani yake nema ba. Direba yake nema, da samari biyu ko uku masu ƙarfi, wani lokaci da mai amalanke. Ko sabon gida ka gina a bayan gari, ko aiki ya kai ka Bichi, ko ka kama hayar ciki da falo a Kurna ko Bachirawa, aikin iri ɗaya ne. Yawancin rigimar da ake yi ranar ƙaura tana tasowa ne daga maganar da ba a gama ba kafin a ɗora kaya. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

1. Ƙirga kayan, ka rubuta. Mako guda kafin ranar, ɗauki littafi da biro ka bi ɗaki-ɗaki. Raba kayan kashi huɗu: manya irin su gado, katifa, kujeru, sif da keken ɗinki, masu fashewa irin su madubi, tangaran, talabijin da randa, masu nauyi irin su buhunan gero, dawa, gyaɗa da turmi, sai ƙanana da za su shiga kwali ko buhu. Kayan ɗaki na uwargida ne, don haka ita za ta ƙirga nata, kai ka rubuta. Kada ka jefar da ko murfin kwano ba ta sani ba. Abin da kuka daina amfani da shi, ku sayar ko ku kyautar tun yanzu, don ba dalilin biyan kuɗin dakonsa.

2. Duba hanya da ƙofa a gidajen biyu. Taka da ƙafarka daga ƙofar gida zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Lura da yashi, da kwari, da inda gonaki suka matse hanya. A wannan yanki noma yakan kai har bakin turba, kuma direban da ya taka shukar wani ya jawo maka ƙara gaban mai unguwa. Je sabon gidan ka yi hakan. A unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo akwai lungunan da mota ba ta shiga, dole ta tsaya a bakin titi a ƙarasa da kura ko baro. Auna faɗin ƙofar zaure da ta ɗaki da igiya, ka gwada da sif da kujera mai zaman uku. Idan gidan haya ne, karɓi mukulli da rasit kafin ka sa rana, ka kuma tambayi mai gidan ko akwai tsohon bashin wutar KEDCO a kan gidan.

3. Zaɓi abin da zai ɗauki kayan. Nisa da yawan kaya su ke yanke wannan. Cikin gari ɗaya ko ƙauye maƙwabci, amalanken shanu ta isa, kuma ta fi mota iya yashi. Kura da baro na gajeren zango ne, a ƙasa mai tauri. 'Yar ƙurƙura, wato babur mai ƙafa uku na kaya, tana ɗaukar kayan ɗaki guda zuwa gari na kusa, sau da yawa a sahu biyu. Idan Kano za ka, ko akwai buhunan hatsi da yawa, ɗauki shatar a-kori-kura ko ƙaramar motar kaya. A Daidaita Sahu ta mutane ce da ƙananan jakunkuna. Kada ka yarda a ɗaura mata gado a ka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin kowane sahu ya tashi sosai, saboda haka babbar mota a sahu ɗaya takan fi ƙarama a sahu uku sauƙi.

4. Sa rana da hankali. Rani ya fi dacewa, bayan an gama kai amfanin gona gida. A watan Agusta ruwa yana iya tsinkewa kowane lokaci, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe. Da kaka, a Oktoba da Nuwamba, motoci da amalanke duk suna jigilar hatsi zuwa gida da kasuwanni irin su Dawanau, farashi kuma yana sama. Kauce wa ranar kasuwar yankinku. A Dambatta, misali, ranar Lahadi direbobi da 'yan dako suna da cinikin da ya fi naka. Juma'a ma rabin yini ce. Idan cikin Kano za ka shiga, tuna da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Sa lokacin lodi bayan sallar asuba, domin a gama sauke kaya kafin rana ta take.

5. Nemo direba ta hannun wanda ka sani. Fara tambayar wanda ya yi ƙaura kwanan nan, ko wanda ya kai jeren 'yarsa. Mai sayar da hatsi da kafintan garinku su ma sun san direbobin kirki, don kullum suna ba su kaya. In ba ka samu ba, je tasha ka tambayi shugabannin ƙungiyar direbobi su haɗa ka da mai layi a wurin. Wanda aka san tasharsa da gidansa ba ya gudu da kayan mutane. Idan ɗan kamasho ne ya haɗa ku, a fayyace tun farko wanda zai ba shi la'ada. Rubuta sunan direban, lambar wayarsa da lambar motar. Duba tayoyi da ƙofar baya da idonka, ka tambaye shi ko takardunsa sun cika. A cikin Kano jami'an KAROTA suna tare motar da ta yi lodin wuce kima, kuma in aka tsare mota kayanka ne za su yini a rana.

6. Nemo 'yan dako. Kayan ciki da falo, mutum uku sun isa: biyu suna ɗauka, ɗaya yana shiryawa a kan mota. Tambayi direba ko yana da yaransa. Waɗanda suka saba aiki tare sun fi sauri. In samarin garinku za ka ɗauka, zaɓi waɗanda suka saba dako a kasuwa. 'Yan'uwa da maƙwabta za su kawo gudummawa, ka karɓa da godiya, amma ba su ƙananan kaya. Idan ɗan gayya ya fasa madubi, kunya ba za ta bari ka ce komai ba. Ka kuma yanke tun yanzu: waɗanda suka ɗora ne za su bi mota su sauke, ko a can za ka nemi wasu?

7. Nuna musu kayan kafin ciniki. Kada ka yi ciniki a waya da cewa "ɗan kaya ne kaɗan". Gayyato direba da babban 'yan dakon su gani da idonsu, ka faɗa musu nisan lungun sabon gidan. Sannan ku zauna gaban shaida ɗaya ku tsayar da waɗannan: kuɗin na aikin gaba ɗaya ne ko na kowane sahu, waye zai sayi mai, kuɗin ɗorawa da saukewa suna ciki ko daban, a ƙofar gida za a ajiye ko har cikin ɗaki, waye zai biya abin da aka nema a hanya, me za a yi idan wani abu ya fashe. Ji farashi daga mutum biyu ko uku kafin ka sallama. Wanda ya faɗi kuɗin da ya gaza na kowa da nisa, yi hattara da shi. Araha ba ta ado, kuma irinsa ne yake tsayawa a tsakiyar hanya ya ce sai an ƙara. Ba da kafin alƙalami daidai kuɗin mai, sauran sai an sauke.

8. Sanar da masu gari. Je ka yi wa mai unguwa sallama, ka faɗa masa ranar. Wannan ladabi ne, kariya ce kuma, domin 'yan sintiri suna tare motar da suka ga ta ɗebo kayan gida da dabbobi ba su san da zancen ba. A sabon wurin ma ka gabatar da kanka ga mai unguwa da maƙwabcin da kuke katanga ɗaya. Bashin mai shago da aron da ke hannunka, ka warware su kafin mota ta zo.

9. Ɗaure kaya kwana biyu kafin ranar. Tanadi kwalaye, buhunan bakko, igiya, tsofaffin zannuwa da tamfol. Naɗe tangaran da kofunan gilashi ɗaya-ɗaya da tsumma, ka jera su cikin kwalla ko babbar roba, ka cusa tufafi a tsakani har su daina motsi. Kira kafinta ya kwance gado da sif. Zuba notuna da ƙusoshi a leda ka ɗaure ta a jikin katakon da suka fito. Rubuta lamba a kan kowane kwali da buhu, ka sa ta a littafinka tare da abin da ke ciki. Kashe firij tun daren da za a wayi gari a tashi, ka kwashe abin da ke cikinsa. Juye fetur ɗin janareta. Rufe kan tukunyar gas, ka cire tiyo. Kuɗi, gwal, takardun gona da na makaranta, katin shaida, magunguna da wayoyi su shiga jaka ɗaya da ba za ta hau motar kaya ba. Alƙur'ani da littattafan addini a riƙe su a hannu.

10. Shirya gida da safiyar ranar. Fito da duk abin da za ku iya zuwa tsakar gida ko zaure, domin baƙin maza su rage shiga ɗakuna. Faɗa wa matan gida lokacin da za a shigo, kuma kowane shiga a yi sallama. Tura yara ƙanana gidan maƙwabta. Su ne suke shiga ƙarƙashin ƙafar mai ɗauke da sif. Ajiye ruwan sha da ɗan abin karyawa, ko koko da ƙosai ne. Tura amintacce ɗaya ya riga ku zuwa sabon gida da mukulli, a share a jira.

11. Tsaya a kan lodi. Tsaya a bakin mota da littafinka, duk abin da ya hau ka yi masa alama. Masu nauyi su fara shiga, su zauna can gaba kusa da kan mota: buhunan hatsi, turmi, janareta. Sai katakon gado da sif a jingine a gefe. Firij a tsaye, a ɗaure shi. Madubi, talabijin da farantin sola su tsaya a kan gefensu tsakanin katifu, kada a kwantar da su a ɗora wani abu a kai. Randa ta zauna cikin tsohuwar taya, a kewaye ta da ƙaiƙayi ko tsumma. Tukunyar gas a tsaye, nesa da batir. Kalanzir da manja kada su kusanci katifa ko hatsi. A amalanke, a daidaita nauyi a kan tayoyi. In ya rinjaya gaba zai danne wuyan shanu, in ya rinjaya baya zai ɗaga karkiya. A rufe da tamfol ko da rani ne saboda ƙura, a ja igiya, ka girgiza ta da hannunka. In direba ya ce mota ta cika, yarda da shi a yi sahu na biyu.

12. Bi kayan a hanya. Kai ko ɗan'uwanka ɗaya ku zauna gaba tare da direba. Mata da yara su hau wata motar. Kada kowa ya hau saman kaya. Bayan an fita daga hanyar ƙauye an hau kwalta, a tsaya a sake jan igiya, domin gargada tana sassauta ta. Kada ka yarda direba ya ɗauki fasinja ko kayan wani a kan shatarka. Awaki da tumaki a yi musu sahu daban, kaji a cikin keji mai iska, kuma da sanyin safiya.

13. Sauke, ka sake ƙirgawa. Kada a tara kaya a bakin titi ba mai gadi. Mutum ɗaya ya tsaya a mota, ɗaya a ƙofar gida da littafi. Manyan kaya su wuce kai tsaye inda za su zauna, don kada ka nemi masu ɗagawa gobe. Uwargida ko 'yan jerenta su nuna wurin kowane abu. Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako, ba a daɓe ba. Bar firij ya yi wasu sa'o'i a tsaye kafin ka kunna. Buɗe kwalayen masu fashewa tun direba bai tafi ba, ka leƙa cikin motar ka tabbata ba a bar komai ba.

14. Biya nan take. In lissafi ya cika, cika musu kuɗinsu a gaban wanda ya raka ka. Tanadi tsabar kuɗi da canji tun ana gobe ƙaura, domin tiransifa takan maƙale, 'yan dako kuma kuɗin hannu suke so. Ba direba nasa, ka ba kowane ɗan dako nasa a hannunsa, sai in sun ce babbansu ya karɓa. Wanda ya yi aiki da kula, ƙara masa tukuici. In wani abu ya lalace, nuna shi a nutse, ku koma ga abin da kuka yi magana gaban shaida. In abin ya gagara, kai maganar wurin shugabannin tasharsu ko wanda ya haɗa ku. Kada ka riƙe kuɗin mutum uku saboda kuskuren ɗaya.

Adana littafin lissafin har ka gama buɗe kwali na ƙarshe. Direban da ya riƙe amana, ajiye lambarsa, ka kuma faɗa wa wanda ya haɗa ku cewa ya fita kunyarka. Allah ya sa ƙaurar ta zama ta alheri, ya haɗa ka da maƙwabta nagari.